Saƙar da Ba Wanda Ya Yi Oda

Da akwati biyu Jaufar ya sauko daga jirgin ranar Talata, kuma duk matar da ke zaune a kujerun raga na bakin ruwa sai da ta ƙirga su. Wanda ya zo hutu akwati ɗaya yake riƙowa, da ledar alewar yara. Mai akwati biyu, ga fanka a hammata, ga bokiti a hannu, wannan ba hutu ya zo ba. Kafin ya kai ƙofar gidansa labarin ya riga shi shiga, har ya samu wuri ya zauna.

Matarsa Wadifa tana madafa tana kankare kwakwa. Ta ɗago ta dubi fankar, ta dubi bokitin, sannan ta dubi mai su.

"An sayar da otal," in ji shi. "Sababbin masu shi za su gyara ko'ina. Sun ce kowa ya tafi gida, za su kira."

"Yaushe?"

"Za su kira."

Ta ci gaba da kankararta. Ba ta yi kuka ba, duk da Sobira ta maƙwabta ta rantse wa mutane daga baya cewa ta ji shessheƙa ta katanga. In ma an ji wani abu, albasa ce.

A tsibirinmu, Kurifushi, ba gidan da ba shi da namiji a ƙetare. Otal ɗin ga shi can, tsibiri guda shi kaɗai, in gari ya yi haske kana hango jerin ɗakunansa a kan ruwa kamar haƙoran matsefi. Can maza suke kwana, can suke tsufa, su zo gida wata ɗaya a shekara su bar wa mata ciki su koma. Aikin da ke cikin tsibirinmu kuwa bai wuce ofis da makaranta da ɗakin shan magani da gidan injin wuta ba, kuma cikin waɗanda ke kan kujerun nan babu mai niyyar mutuwa. To da aka rufe otal sai maza suka zubo mana gaba ɗaya. Samarin ba su daɗe ba. Wasu suka nufi Male, babban birnin ƙasar, suna cunkusuwa a ɗakin haya, wasu suka samu otal-otal masu nisa, wasu suka haɗiye girman kai suka shiga jirgin kamun kifi. Jaufar ya zauna jiran waya.

Shekara kusan ashirin yana gyaran ɗakin baƙi. Furfura ta cika masa gemu, amma sunan aikin nasa har yau yaron ɗaki. Wadifa ta saba da shi wata ɗaya a shekara, kuma miji na wata ɗaya abu ne mai daɗi. Ki dafa masa mai kyau, ki yi masa dariya, ki raka shi bakin ruwa, ki dawo ki miƙe ƙafa. Miji na kullum kuwa, ba wanda ya taɓa koya mata yadda ake yi da shi.

Ga mutumin bai iya zama ba. Yana dawowa daga masallaci da safe zai kama zanen gado ya ja shi, ya ɗame shi, har sai ya kwanta sumul kamar ruwan da iska ba ta taɓa ba. Ya tsinko furanni a bakin katanga ya jera a tsakiyar gadon. Ya ɗauki tawul ɗinta ya naɗe shi ya zama tsuntsu mai dogon wuya. Ta fito wanka tana ɗiga tana neman abin goge jiki, ta tarar da tsuntsun zaune a kan filo yana kallonta. In kuma zai shiga ɗakin, ɗakin da aka haifi 'ya'yansa a ciki, sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tsaya.

"Wa kake jira ya ce ka shigo? Baturiya?"

"Sabo ne."

"To ka saba da share tsakar gida mana."

Ya share kuwa, har ya ja wa yashin layi-layi da tsintsiya, ya hana ta takawa.

Gidan ɗaki biyu ne, 'ya'yan duk suna Male, amma bai taɓa yi mata ƙanƙanta irin haka ba. Ta shiga madafa, yana bayanta yana ware cokula, manya da manya, ƙanana da ƙanana. Ta ce bari ta fita ta sha iska, to ina? Tsibirin nan in ka zuba shayi a kofi ka kama hanya, za ka zagaye shi ka dawo bai huce ba. Kowace hanya ruwa take kai ka, kuma a bakin ruwan Sobira na zaune.

Sobira mijinta ya daɗe da rasuwa, ta riƙe kanta da ƙyafe kifi tana aikawa Male, ta riƙe sauran mata da bakinta. Kujerar tsakiya tata ce. Tana zaune tana yanka fowa, ƙwallon da ake taunawa a nan kamar goro, da ɗan almakashinta tana jefawa a baki, leɓen nan jajir, ba abin da ke wuce ta.

"Wadifa, yau wane tsuntsu aka yi miki?" ta ce. "Jiya na ji an ce giwa ce, har da kunne. Ki roƙe shi ya naɗa miki kifi mana, ko kwa samu na miya."

Mata suka kwashe da dariya, Wadifa ma ta taya su, don a nan in ba ki yi dariya ba an ce kin ji haushi, kuma in kin ji haushi gobe ma za a maimaita.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi, kifin da suke ci ɗin ba nasu ba ne. Ƙanen Wadifa, Latif, mai jirgin kamun kifin tuna, shi ke kawo musu guda duk ranar da ya dawo, ya riƙo shi ta wutsiya ya ratsa babbar hanya da shi kowa na gani. Ran nan ya ajiye kifin ya tsaya, ya kira mijin yayarsa da sunan girmamawa.

"Jaufarbe, akwai gurbi a jirgina. Zo ka riƙe gorar kamun kifi. Ba wuya, kifin da kansa yake hawowa."

Jaufar ya miƙa masa tafin hannunsa biyu, masu laushi kamar na jariri. "Hannun da ke taɓa filon baƙi ba ya ƙarni, Latif. In ƙarnin ya kama fata ba ya fita. Sannan can tsakiyar teku waya ba ta kamawa. In suka kira fa?"

Latif ya dubi yayarsa, wadda yake kira Datta. "Datta, ranar da wayar nan ta yi ƙara ki aiko a kira ni, ko ina tsakiyar sallah ne. Ina so in ga abin al'ajabi."

Abu ɗaya ne mata ke samu daga otal da hannunsu, shi ne fangi. Busasshen ganyen kwakwa ne, a zage shi, a jera, a ɗinke da igiyar ɓawon kwakwa, a naɗe kamar tabarma, a kai a baibaye ɗaki da shi. Mu mun daɗe da komawa rufin kwano, amma baƙi ba sa jin daɗin barci sai a ƙarƙashin irin rufin da iyayenmu suka yi addu'a Allah ya raba su da shi. Duk bayan shekara biyu sai ya ruɓe a sake. Allah ya sa wa ruɓewar nan albarka, ita ta ɗinka wa yaran tsibirin nan kayan makaranta. Sai dai akwai ƙa'ida tun zamanin iyaye: ba a saƙa fangi sai oda ta iso ofis. Dalili kuwa, fangi ba ya ajiyuwa. A kan rufi yana shan iska yana daɗewa. A naɗe a ƙasa, damina ɗaya ta ishe shi. Laima ta shige shi, ɓeraye su haihu a ciki, ya yi baƙi ya marmashe.

Wata rana suna cin shinkafa da garudiya, wato romon kifi, Jaufar ya matsa lemon tsami a kwanonsa ya ce, kamar mai magana da kwanon, "Kafin in taho na ga an yaye rufin duka."

"Wane rufi?"

"Duka, Wadifa. Da ɗakunan kan ruwa, da gidan cin abinci, da rumfunan bakin yashi. Tun da nake can ba a taɓa yaye su lokaci ɗaya ba. Kuma dole su buɗe kafin iskar gabas ta dawo, lokacin baƙi ke nan. Ranar da odar za ta zo, cewa za su yi a kawo maza-maza. Wa zai iya? Sai wanda ya riga ya saƙa. Kin manta wancan karon da matan tsibirin Madifaru suka kwashe rabin odar don kun makara?"

Ba ta manta ba. Ba matar Kurifushi da ta manta, har yau in 'yar Madifaru ta zo biki a ƙarshen tabarma ake ajiye ta. Wadifa ta daina tauna ta dubi mijinta. Tun da ya dawo, yau ne ya fara faɗin wata magana da ba "za su kira" ba. Kuma magana ce da za a iya ɗauka a kai bakin ruwa a ajiye a gaban Sobira.

Da la'asar ta kai ta.

Sobira ta saurara har ƙarshe, ta tofar da jan yawu gefe. "Uwarki ta taɓa saƙa ba oda? Tawa dai ba ta taɓa ba."

"Uwarki ta taɓa ganin an yaye otal duka rana ɗaya?"

"Wa ya ce an yaye?"

"Wanda ya gani da idonsa. Shi can yake kwana shekara da shekaru, ke daga nan kike ƙifta ido kina hangowa."

"Oho, mai tsuntsu." Mata suka fara dariya, amma ba ta yi nisa ba, don kowacce akwai miji ko ɗa kwance a gida yana cin abinci sau uku. Sobira ta lura dariyar ta mutu. Ta ce, "To in ya ruɓe fa?"

"Ba zai ruɓe ba."

"Na ce in ya ruɓe."

Wadifa ta ji idon kowa a kanta. Da ta yi shiru a nan, da yanzu ba mu da labari. Ta bugi ƙirji ta ce, "In ya ruɓe ku kwaso ku zuba min a ƙofa. Ni na ce ku saƙa. A wuyana."

Haka matan Kurifushi suka karya ƙa'idar iyayensu. Sobira ce ta ƙarshen yarda, ita ce kuma ta fi kowa saƙa. Ta kashe wutar ƙyafe kifinta ta ce wa mai saye a Male ya nemi wata. Mai soya ƙosan kifi ta kife kaskonta. Mai ɗinki ta rufe kekenta da zane. Iskar yamma ta taso da ruwanta, mata suka duƙufa a ƙarƙashin rumfuna, ganye na yanka yatsu, igiya na cin tafin hannu. Da ganyen tsibirin ya ƙare aka tura mazan da ke kwance su je tsibiran da ba kowa su ɗebo. Har su ma suka ɗan yi kyan gani, sun samu abin da za su ce sun gaji da shi.

Jaufar kuwa sai ga shi ya zama mutum. Shi ke auna tsawo. Shi ya sa aka shimfiɗa katako a rumfar gyaran jirage aka jera naɗin a kai, baki ɗaya, kai ɗaya, kamar tawul a kabad. In rana ta leƙo ya fitar ya shanya, in hadari ya haɗu ya kwashe da gudu. Mata suka sa masa Manaja. Da farko tsokana ce, daga baya har shayi ake aika masa. Ya daina naɗa tsuntsu, ba lokaci. Wadifa ta fito wanka ta tarar da tawul ɗinta a rataye kamar na kowa, ta tsaya tana dubansa, ita kanta ba ta san me take nema ba. A bakin ruwa kuma aka fara bar mata kujerar da ke jikin ta Sobira.

Rumfar jirage ta cika. Aka koma jerawa a barandar gidaje, da bayan masallacin mata, da ƙarƙashin gadaje.

Oda ba ta zo ba.

Iskar yamma ta fara rauni. Can ƙetare ana ta hango manyan jiragen dako suna zuwa suna komawa. Wadifa ta je ofis ta tambayi magatakarda, ya ce ba abin da ya shigo. Ta koma, ya ce ba abin da ya shigo. Karo na gaba tun daga taga ya girgiza mata kai, bai bari ta cire takalmi ba. Wayar Jaufar na aljihun gabansa, yana taɓa ta kamar mai ciwon zuciya.

Ranar da Wadifa ta ɗaga wani naɗi na can ƙasa ta ga cikinsa ya yi baƙi, ga jajayen 'ya'yan ɓera suna motsi, ba ta gaya wa kowa ba. Ta juya baƙin ya kalli bango. Amma fangi in ya fara ruɓewa yana da wari, kuma matan nan da hancinsu aka haife su. Gaisuwa ta fara gajarta. Mai soya ƙosai ta wuce ta a hanya tana duban sama kamar mai neman jinjirin wata.

Sai wata safiya Sobira ta zo har ƙofa. Ba fowa a bakinta, ba tsokana. "Fito ki gani," kawai ta ce.

Rabin tsibirin na bakin ruwa. Gari ya yi garau, otal ya matso kamar ka miƙa hannu. Ɗakunan kan ruwa, da jiya-jiya suke tsirara katako kawai, ga su nan a rufe, rufi sabo fil, launin zuma, rana na wasa a kansa.

"Madifaru!" wata ta kurma ihu. "Munafukai! Sun sake!"

Nan take aka hau zagin matan Madifaru, da iyayensu, da yadda suke dafa shinkafa. Wadifa kuwa mijinta take kallo. Ya kare ido da hannu ya daɗe yana hange.

"Wataƙila na gaba kawai suka fara," ya ce. "Na baya suna nan. Akwai gidan cin abinci ma."

Ta wuce kai tsaye gidan ƙanenta.

Juma'a jiragen kifi ba sa fita. Bayan an sauko daga masallaci Latif ya tayar da inji, zai kai Wadifa da mijinta otal. Jaufar ya fito cikin farar rigarsa ta aiki, ya goge ta har tana ɗaukar ido, ya maƙala ɗan allon sunansa a ƙirji. Latif ya buɗe baki zai yi magana, yayarsa ta harare shi, ya rufe.

Ba gadar baƙi suka nufa ba, ta baya suka zagaya, inda ake sauke kayan miya da ma'aikata. An kafa sabuwar rumfar mai gadi a kan gadar. Wani saurayi ya fito, da jin harshensa daga can kudu yake.

"Ba a sauka sai da izini."

"Ni ne Jaufar." Ya nuna allon ƙirjinsa. "Na ɗakunan kan ruwa."

"Yi haƙuri dattijo, ban san ka ba. Wa ka zo gani?"

Jaufar ya kira sunan shugabansu na da. Ba ya nan. Ya kira na mai kula da wanki. Ba ya nan. Ya kira na mai dafa wa ma'aikata, mutumin da ko guguwa ba ta taɓa raba shi da tukunyarsa ba. Saurayin ya ce bai taɓa jin sunan ba.

Suna cikin wannan Wadifa ta tattare zanenta ta hau matakalar, izini ko ba izini. So take ta ga ɗinkin, don hannun 'yan Madifaru ba ya ɓoyuwa, tazarar igiyarsu kamar giɓin tsohuwa. Bakin rufin rumfar ya sauko daidai goshinta. Abin da ta fara lura da shi, ba ƙamshi. Sabon fangi yana da ƙamshin rana da gishiri, wannan ba ya ƙamshin komai. Ganyen duk tsawonsu ɗaya, launinsu ɗaya, ba wanda ƙwaro ya taɓa ci. Ta kama guda ta lanƙwasa, bai karye ba, ya miƙe ya koma yadda yake. Ta naɗe shi a yatsa ta ja da duk nauyinta, sai da ƙyar ya fizgo. Ta sa a baki ta ciza.

"Haba uwa, kar ki ɓata mana rufi," in ji saurayin. "Roba ce. Daga waje aka kawo ta. An ce shekara ashirin ba a taɓa ta. Ba ta ruɓewa, ba ta cin wuta, ɓera ba ya zama a ciki." Yana faɗa yana murmushi, kai ka ce ubansa ne ya ƙera ta.

"Duka?" ta ce, abin na tsakanin haƙoranta.

"Duka. Har gidan cin abinci."

Jaufar na tsaye a cikin jirgi, jirgin na ɗaga shi yana sauke shi. "Masu gyaran ɗaki fa? Yaushe za a ɗauka?"

"Ai sun zo tun watan jiya. Wani kamfani ne ya kawo su gaba ɗaya, ana can ana koya musu."

"An ce za a kira mu."

Saurayin ya dubi furfurar, ya dubi farar rigar, ya dubi allon sunan. Yaron kirki ne, da alama an yi masa tarbiyya, kuma tarbiyyar tasa ce ta cuce mu. "To, wataƙila za a kira," ya ce. "In baƙi sun yi yawa."

A hanyar dawowa, Wadifa na zaune a gaban jirgi, ganyen roba a dunƙule a hannunta, tana kallon Kurifushi na girma. Tun daga nesa ta hango launin zannuwa a bakin ruwa. Duk sun fito. Ta duba dama, ruwa. Ta duba hagu, ruwa.

"Latif, wuce da mu mana."

"Zuwa ina, Datta?"

"Ko'ina."

"Man da ke ciki iya gida zai kai mu."

Jaufar ne ya fara sauka. Ya tsaya a gaban matan, ya haɗa ƙafa, ya ɗora hannu a ƙirji, ya ɗan rusuna, kamar yadda yake yi wa baƙo in ruwan zafi ya ƙi zuwa. "Muna ba da haƙuri ƙwarai da gaske bisa wannan..."

Wadifa ta ture shi gefe da kafaɗa. "Ba kai ka ce musu ba. Ni na ce."

Ta buɗe hannu ta miƙa wa Sobira. Sobira ta juya abin, ta shinshina, ta tofar da fowar bakinta, ta ciza. Ta miƙa wa ta kusa da ita. Haka ya yi ta zagayawa daga baki zuwa baki, ba wadda ta ko goge shi, har ya dawo hannun Sobira da shaidar haƙoran tsibiri guda a jikinsa, bai tsinke ba.

"Ashe ba Madifaru ba ce," in ji Sobira.

"Ba su ba ne."

"To su ma ba su samu ba." Ta ɗan gyaɗa kai, wannan dai ya yi mata daɗi. Sannan ta ce, "Bana kaɗai?"

"Shekara ashirin, in ji su."

Mai ɗinki ta fara lissafi da yatsu, ta ga inda shekarunta za su kai, ta bari. Wadifa ta tsaya tana jiran bakin Sobira. Ta shirya masa tun daga tsakiyar teku, da zagin da tsokanar, ta ma fi son a yi a gama. Sobira ta sa ganyen a lalitarta ta juya ta tafi. Sauran suka bi ta.

Washegari da hantsi Wadifa ta ji abu ya faɗi tim a ƙofar gida. Ta leƙa. Sobira ce, ta sauke naɗi ɗaya daga kai, ta koma ɗauko wani. Ba ta aiko yaro ba, da kanta ta yi ta jigila, tsohuwa da ita, tana nishi. Da ta gama sai mai ƙosai ta fara. Sai mai ɗinki. Ba wadda ta yi sallama, ba wadda ta yi zagi. Abin da aka ce a yi suke yi. Kafin azahar tulin ya rufe ƙofa, kafin la'asar ya rufe tagar ɗakin kwana, gidan ya yi duhu, warin laima ya cika shi. Ta ƙofar madafa suka koma shiga da fita, a karkace.

Jaufar ya fita ya dubi tulin. Ya naɗe hannun riga ya hau jera shi, baki ɗaya, kai ɗaya.

"Bar shi!" ta daka masa tsawa ta katanga.

"Ba kyau a bar shi a hargitse," ya ce, ya ci gaba.

Sun rufe akurkin kaji da fangin da bai ruɓe ba. Sun rufe rijiya, sun rufe banɗaki, sun shimfiɗa wani a kan kwanon madafa. Latif ya ɗebi kaɗan don kunyar yayarsa. Tulin bai ko san an taɓa shi ba. Ƙona shi ba ya yiwuwa a tsakiyar gidaje, zuba shi a teku kuwa igiyar ruwa ce za ta dawo mata da shi ƙofar wani. Yana nan yana baƙi yana zama ƙasa a hankali, ɓerayen tsibirin duk sun tare a gidan. Wadifa ta daina zuwa kujerun raga. Ba wanda ya hana ta, sai dai kujerar jikin ta Sobira yanzu kwandon fowa ne a kanta.

Ranar da iskar gabas ta kankama, jiragen sama masu sauka kan ruwa suka fara wucewa ta kanmu ɗauke da baƙi, Jaufar ya cire allon sunansa ya sa a akwati. Ya sa tsohuwar riga ya tafi wurin Latif. Jirgin zai yi kwanaki a teku. A ƙofar madafa ya tsaya, ya zaro wayar daga aljihu ya miƙa mata da hannu biyu.

"Can ba ta kamawa. Kar ki bari cajinta ya ƙare. Yaron ya ce in baƙi sun yi yawa."

Ta dubi hannuwan nan masu laushi da za su je su riƙe gora, ta karɓa.

Da ta shiga ɗaki ta tarar ya ɗame zanen gadon kafin ya fita, da tsuntsu ɗaya a kan filo, cikin duhun nan da ba mai ganinsa. Ba ta warware shi ba, da gefen zanenta ta goge jiki ranar.

Wayar tana kan buhun shinkafa, kusa da soket. Kowace safiya Wadifa na jona ta. Sobira ta sake hura wutar ƙyafe kifinta, ko da yake mai sayen nata ya riga ya samu wata. Sai da aka yi kwanaki sannan ta tsaya a bakin katanga, tulin fangi a tsakaninsu, kanta kawai ake gani.

"Ta yi ƙara?"

"Tukuna," in ji Wadifa, ta duba ko cajin na shiga.